Na manna takarda, amma ma'aikata ba sa kashe komai

TAMBAYA: Ni manajan otal ne mai ɗaki 30 a Sabon Gari. Kuɗin man gas da na wutar KEDCO na cinye ribarmu. Na manna takardu cewa a riƙa kashe wuta da famfo, amma shiru. Yaya zan yi?

AMSA: Malam, ma'aikaci ba ya bin takardar bango, abin da maigida ke dubawa kullum shi yake bi. In esin ofishinka na aiki alhali ka tafi Juma'a, to ka riga ka yage takardar da hannunka.

Fara da awo. Kowace safiya a rubuta yunit ɗin da mita ta nuna an sha tun jiya da litar man da janareta ya sha, a raba da yawan ɗakunan da aka kwana a ciki. Ka karanta musu wannan lissafi duk mako. Sannan kowa ya san nasa aikin da sunansa, domin abin da aka bar wa kowa babu mai yin sa.

Masu gyaran ɗaki su ne ginshiƙi. Sau da yawa ba ganganci ba ne: an jibga wa mutum ɗakuna fiye da ƙima, yana sauri, ina zai tuna da esi? Rage masa, ka ba shi ƙa'ida gajeriya: a saita esi a 24, a saki labule, a kashe kafin a ja ƙofa. Lokacin hunturu a wanke ragar esi duk mako biyu, don ƙura na toshe ta, injin ya yi ta nishi ba sanyi. Tankin masai kuwa, a ɗiga masa ruwan zoɓo a jira minti 15. In ja ya bayyana a kwanon masai, robar da ke tare ruwan tankin ta mutu, ruwan burtsatse na zurarewa dare da rana.

Akwai abin da kai kaɗai za ka iya. Sauya ƙwai mai wat 60 da LED mai wat 9: ƙwai 100 na awa 10 sun rage yunit 51 a rana. Ranar da baƙi suka yi ƙaranci, a tara su a hawa ɗaya a kashe wutar sauran.

Kada ka yanke albashi kan wannan, sai a fara ɓoye maka famfon da ya lalace. Gara ka ware wani kaso na rarar wata ka raba musu a bainar jama'a, har da kuɗin robobin da aka sayar wa 'yan jari bola.