Fatawa: Salla, Taimama da Zango ga Masu Ratsa Hamada da Mota

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Mu abokai ne, mun shirya ratsa hamada da motocin jif ta hanyar da babu kwalta, babu gari kusa, waya ma ba ta kamawa. Za mu ɗauki kamar mako guda muna kwana a tanti. Buɗe ido za mu je, ba fatauci ko ziyara ba. Ruwanmu a jarkoki yake, ƙidayayye. Tafiyar ta halatta? Za mu yi ƙasaru? Kuma za mu iya taimama alhali ga ruwa a mota?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, fita don ganin ƙasar Allah halal ce a asalinta. Allah yana cewa a Suratul Ankabut, aya ta 20: ku yi tafiya a bayan ƙasa ku duba yadda ya fari halitta. Abin da ke sauya hukuncin shi ne shirin da kuka yi. Idan ana kyautata zaton za ku fita lafiya, saboda kuna da wanda ya san hanya, da mota fiye da ɗaya, da isasshen mai da ruwa, da hanyar neman agaji irin wayar tauraron ɗan'adam, to ku tafi. Idan kuwa halaka ce ta fi rinjaye a zato, tafiyar ta haramta, domin aya ta 195 a Suratul Baƙara ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Haka nan in hukuma ta rufe hanyar saboda 'yan bindiga ko nakiyoyi, ko tana neman izini kafin a shiga, bin wannan doka wajibi ne, don kare rayuka aka kafa ta.

Kada wani a cikinku ya ce ai tawakkali ya wadatar. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wasu mutanen Yaman sukan fito aikin hajji ba guzuri, suna cewa su masu dogaro ga Allah ne, in sun iso Makka sai su koma roƙo. A kansu aka saukar da "ku yi guzuri". In hajji kansa bai ɗauke wa mutum nauyin guzuri ba, ina ga yawon buɗe ido? Annabi (SAW) kuma ya ce da mutane sun san abin da ya sani game da kaɗaici, da babu wanda zai yi tafiyar dare shi kaɗai. A ganina mota ɗaya tilo a tsakiyar hamada tana kusa da wannan ma'ana ko da mutum huɗu ne a ciki, domin in ta kafe a rairayi ko injinta ya buga, babu mai janye ta. Ku naɗa ɗayanku madugu, kamar yadda hadisin Abu Dawud ya umarci mutum uku in sun fita tafiya, kuma ku zaɓi wanda ya fi ku sanin hamada, ko da shi ne ƙaraminku.

Batun ƙasaru yana son natsuwa. A mazhabar Malikiyya ƙasaru sunna ce mai ƙarfi ga wanda ya nufi tafiyar baridi huɗu, wato mil 48, kilomita 80 da ɗoriya. Amma Shehu Khalil a littafinsa Mukhtasar ya keɓe mutum biyu da suka shafe ku daga wannan hukunci. Na farko mai tafiyar wasa tsantsa, kamar mai farauta don nishaɗi kawai: ƙasarunsa makaruhi ce, ko da yake in ya yi sallarsa ta inganta. Na biyu mai gararamba, wanda bai san inda ya dosa ba: wannan ba ya ƙasaru sai in ya tabbata zai cinye wancan nisa. Ku kuwa in dai kuna da hanya sananniya, da mafari da maƙura, to na biyun bai hau kanku ba. Na farkon shi ne wurin saɓani. Hanafiyya ba sa duba dalilin tafiya sam, kuma mafi yawan Hanbaliyya suna halatta ƙasaru a tafiyar halal ko da ta nishaɗi ce. Abin da nake ba ku fatawa da shi: ku yi ƙasaru, domin tafiyarku halal ce kuma wahalar hanya tabbatacciya ce. Wanda ya cika sallarsa don fita daga saɓani, kada a zarge shi. Sai dai ku daidaita a bayan limami ɗaya, kada zango ya rabu biyu a kan mas'alar da malamai suka yalwata. Idan kuka yi niyyar zama wuri ɗaya kwana huɗu cikakku, ƙasaru ta yanke, sai kun sake ɗaura kaya.

Haɗa salla ya halatta gare ku. A yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, Mu'azu ɗan Jabal ya ce Annabi (SAW) yana haɗa Azahar da La'asar, da Magariba da Isha'i. In rana ta gusa kuna zango, kuma kun san ba za ku sake tsayawa ba sai bayan faɗuwarta, ku jawo La'asar ku sallace ta tare da Azahar. In ta gusa kuna kan tuƙi, kuna sa ran sauka kafin rana ta yi ja, ku jinkirta Azahar zuwa La'asar. Farilla a ƙasa ake yin ta, ana fuskantar alƙibla, ba a kujerar mota ba. Kamfas ko na'urar nuna hanya ta isa hujja. In duka sun mutu ku yi ƙoƙari da rana da taurari, sallarku ta yi. Juma'a ba ta kan matafiyi, kuma ba a tsayar da ita a tanti, Azahar za ku yi. Ku ɗaga murya da kiran salla, domin Abu Sa'id al-Khudri ya ruwaito cewa duk abin da ya ji muryar ladan a daji, mutum ko aljan ko waninsu, zai yi masa shaida ranar ƙiyama.

Yanzu ga tambayar da ta fi damuna, wato ruwa. Eh, kuna iya taimama alhali jarkoki na cike a bayan mota, muddin ruwan nan shi ne na shanku da girkinku har ku kai rijiya ko gari na gaba. Malamai sun sanya wanda yake tsoron ƙishirwa, a kansa ko abokin tafiyarsa ko dabbar da ke tare da shi, a matsayin wanda ba shi da ruwa. In tsoron ya kai na mutuwa ko cuta mai tsanani, taimamar ta zama wajibi, kuma mai zubar da ruwan a alwala ya yi laifi ko da niyyarsa kyakkyawa ce. Ruwan lagireto ma ina ganin hukuncinsa ɗaya da wannan, domin motar ita ce raƙuminku, in ta tsaya rayuwarku ta shiga haɗari. Lissafin kuma kada ku yi shi a kan kwanakin da kuka tsara kawai. Ku ƙara na ranar da taya za ta fashe, ko guguwar rairayi ta tsare ku, ko ku iske rijiyar da kuka dogara da ita ta ƙafe. Abin da ya ragu bayan wannan shi ne rara, kuma da rara alwala ta wajaba. Ba ta cin ruwa da yawa: Anas ya ce Annabi (SAW) yana alwala da mudu ɗaya, abin da bai kai lita ba, kuma wanke kowace gaɓa sau ɗaya ya isar.

Na san akwai masu jin nauyin taimama, suna ganin kamar sallarsu ta rage daraja. Ku cire wannan daga zuciya. Ayar taimama ta sauka ne a irin halinku: sarƙar Nana A'isha ta ɓata a hanya, ayari ya kwana a wurin da babu ruwa, gari ya waye babu abin alwala. Rairayin da kuke takawa da dutsen da ke gefen tanti duk abin taimama ne. Ku dai kiyaye cewa a Malikiyya kowace farilla da taimamarta, ko da kun haɗa salloli biyu, kuma ba a yin ta sai lokaci ya shiga. Wanda ya fid da rai da samun ruwa ya yi salla a farkon lokaci, mai sa ran isa rijiya ya jinkirta zuwa ƙarshen zaɓaɓɓen lokaci. Kada kowa ya bar ayari ya nausa neman ruwan alwala. Mai janaba shi ma taimama zai yi, sannan ya yi wanka in an samu ruwa. Daren hamada kan yi sanyi mai tsanani, kuma Amru ɗan As ya taɓa yin taimama saboda sanyi a yaƙin Zatus Salasil, Annabi (SAW) bai hana ba. Wannan ga wanda ba shi da halin ɗumama ruwa ne. Wajen bayan gida, tsarkin hoge da duwatsu ya wadatar. Ku yi nesa da rijiya da inuwar da matafiya ke hutawa, ku binne, shararku kuma ku kwashe ta ku fita da ita.

In kuka haɗu da wanda ƙishirwa ta kama, makiyayi ne ko direban da motarsa ta lalace, haƙƙinsa a rarar ruwanku ya gabaci alwalarku. Cikin mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar ƙiyama akwai mai rarar ruwa a jeji da ya hana matafiyi.

Wajen yada zango, Annabi (SAW) ya hana sauka a kan hanya da dare saboda ita ce matattarar macizai da ƙwari. Ku ƙara da guje wa cikin busasshen kwari, domin ruwan da aka yi a nesa yakan iso da ambaliya ba tare da kun ga hadari ba. Tantunanku su kusanci juna, ku kashe wuta kafin barci, kowa ya karanta "A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ" da saukarsa. Ku sa wanda zai tashe ku Asuba. In gajiya ta rinjaye ku har rana ta fito, ku sallace ta da zarar kun farka, tare da raka'o'in alfijir. Kafin ku tashi kuma ku bar wa wani a gida taswirar hanyarku da ranar da ya kamata ya ji daga gare ku, kuma wanda iyayensa suka hana shi wannan tafiya ya haƙura, domin ba wajiba ba ce.

Wallahu a'alam.