Ga ɗan'uwan da ke neman inda masu son barin giya ke haɗuwa a Sakkwato

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, kai da ka turo tambaya ta hannun admin ba suna, ka ce shekara shida kana sha, ka gaji, kana neman inda masu irin lalurarka ke zama suna ƙarfafa juna a garin nan, amma kana tsoron a gane ka. Wallahi da na karanta sai da na ajiye wayar na yi shiru. Halin da nake ciki ke nan shekara huɗu da suka wuce.

Ka san garinmu. Tun da aka kawo shari'a a 2000 ba mai sha a fili, sai dai a ɓoye, kuma ɓoyon nan shi ke cinye mutum. Ni a gorar lemo nake juye tawa, in tauna kanumfari kafin in shiga gida. Ranar da ba zan manta ba, da bazara ce, zafin nan namu da ko da dare ba ya sauka. Na farka a bakin kwata a bayan layinmu, ladan na kiran assalatu, rigata duk amai, takalmi ƙafa ɗaya. Mutane na wucewa masallaci, na rufe fuska da hula. Da na shiga gida 'yata mai shekara biyar ce ta kawo mini buta, ta ce, "Baba, faɗuwa ka yi?" Har yau in na tuna muryarta sai idona ya cika.

Washegari na je wurin aminina, wanda muka yi makarantar allo tare, na faɗa masa komai ina kuka. Ya dafa ni ya ce asirina a cikinsa yake. Kafin Juma'a ta zagayo maganar ta kai majalisar mai shayi, ta kai gidan surukaina. Suka zo suka ɗauke matata, wata bakwai tana gidansu. Mutumin nan har yanzu in mun haɗu shi ke fara miƙo hannu, kamar bai yi komai ba. Na ce na yafe, amma zuciya ba ta gama yarda ba. Shi ya sa nake roƙonka ka lura da wanda za ka faɗa wa.

Kada ka yanke sha rana ɗaya kai kaɗai a ɗaki, don Allah. Na gwada. Hannu na rawa, gumi, ba barci, a kwana na uku na fara ganin abubuwa na tafiya a bango. Gida suka ce iska ce, aka yi ta hayaƙi. Ashe jiki ne da ya saba, kuma hakan na iya kawo farfaɗiya, har ya kashe mutum. Ƙanena ne ya kai ni asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Na san abin da ke ranka, ni ma cewa na yi ai ni ba mahaukaci ba ne. Ka je kawai. Akwai sashen masu taɓin hankali a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) ma, kuma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA na ba da shawara ga masu shaye-shaye.

Maganar zaman da ka tambaya, ni dai na yi ta yawo ban ga wani allo a bakin titi ba. A layin ganin likita na samu mutanena. Mu uku ne, muka karɓi lambar juna, muke haɗuwa bayan la'asar duk Asabar a shagon ɗayanmu. Ba wa'azi, ba gori. Kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance, wanda ya koma ya sha ya faɗa, ba mai zaginsa. In ka je asibitin ka tambayi ma'aikatan jin daɗin marasa lafiya ko suna haɗa irin wannan zaman.

Ɗayanmu ne ya nuna mini ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wadda mashaya biyu suka kafa a Amurka a 1935. Ba a biyan ko sisi, sunan farko kawai ake faɗa, kuma suna zama ta Zoom dare da rana. Kana iya kashe kyamara ka saurara kawai. Da Turanci ake yi, sai ka yi haƙuri. Wata biyu ina saurare a soro kafin in buɗe baki.

Wani dattijon malami ya tuna mini cewa giya ma a hankali aka haramta ta, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida, kuma ƙofar tuba ba ta rufe ba. Ranar na koma sahu, bayan na daɗe ina jin kunyar shiga masallaci.

Ka canja hanyar komawa gida. Ranar albashi ka ba wani amintacce katinka na banki. Ni tsakanin magariba da isha ne ƙishirwar ke taso mini, sai in kira ɗaya daga cikin mutanena tun kafin in hau babur.

In kana so, ka gaya wa admin ya haɗa mu. Asabar ɗin nan muna zama, akwai wuri a benci, kuma ba sai ka faɗi sunanka na gaskiya ba.