Kafin ka sake sayen dashe, ka duba kututturan da ke gonarka

Wa'alaikumus salam. Malam, ka ce duk itacen da ka dasa a gonarka ta hanyar Giwa ba ya ganin damina ta biyu, kana neman wanda zai jure rani. Wallahi abin nan ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya a tamu gonar ta wajen Shika, kusa da Zariya.

Kafin ka sake kai kuɗinka wurin masu sayar da dashe, ka zaga gonar da ƙafa bayan girbi. Za ka ga kututtura suna toho: kalgo, marke, ƙirya, kanya, wani lokaci har kaɗanya. Saiwarsu ta riga ta nutse, ba ruwansu da ban ruwa. Ka bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ka sare sauran, kuma ka ja kunnen 'yan ƙwadago kada su cinna musu wuta lokacin sharar gona. Abin da manoman Maraɗi suka kama ke nan tun shekarun 1980, alhali ruwansu bai kai namu ba. Mu nan muna samun kusan milimita 1,000 a shekara.

Ni dai ba rani ne ya karya ni ba, mutum ne. Kaɗanyoyi da ƙirya muka gada a gonar nan, tun mahaifinmu yana yaro suke tsaye. Na ba wani amanar wurin, mutumin da duk kaka sai na ware masa buhunsa, auren ɗansa ma da ni aka yi hidima. Ina can ina jinyar mahaifiyata ya kira masu gawayi ya sayar musu. Ranar da na je, ramin gawayin bai ma gama hayaƙi ba. Na zauna a kan kututture na kasa magana. Ka san abin da ya ce min? Wai inuwa ce ke hana masara yi, taimako na ya yi. Kaɗanyar da sai ta shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya! Matan ƙauyen da ke tsintar kaɗe suna yin mai, su ma ya yanke musu abinci. Mai unguwa ya ce a yi haƙuri, na yi, amma har yau in na gan shi a kasuwa sai gabana ya yi nauyi. Don Allah ka san wanda za ka bar wa gonarka.

In inuwa ake tsoro, ga gawo nan. Da damina yake zubar da ganye, ya taki ƙasa, da rani kuma dabbobi su ci 'ya'yansa. Ɗorawa kuwa, ka jiƙa kalwa a ruwan zafi ta kwana kafin ka shuka. Ka yi dashe a watan Yuni da ruwa ya zauna, kada ka bari sai Agusta, domin kafin saiwa ta gama kama ƙasa hunturu zai riske ta. Ka kewaye kowanne da ƙaya saboda awaki, ka riƙa zuba toka a gindi saboda gara. Itacen turare kada ka kai shi kusa da shuka, yana shanye ruwa. Inda ruwa ke cin gona ka jera gamba, ta riƙe ƙasa, ka kuma samu ta zana.

Abin da ke ƙara ɓata min rai, ka shiga cikin birnin Zariya ka ji sunayen unguwanni, Rimin Doko, Rimin Tsiwa, amma wa ka gani yana dasa rimi yanzu? Kowa sai fulawar waje da ke shan ruwan famfo.

Ka leƙa tashar binciken gandun daji da ke Samaru ka tambayi irin gida. In kuma kalwa kake so, ina da ɗanya ta bana wadda ba a dafa ba, ka yi min magana in ajiye maka.