Wai waye Béla Tarr ɗin nan da ake ta yabo?

Malam kace kaga sunansa cikin manyan daraktoci kana tambaya ko waye, to ɗan Hungary ne, an haifeshi a garin Pécs 1955, fim ɗinsa na farko ya fito 1979. Amma wanda ya ɗaga shi Sátántangó ne na 1994, baƙi da fari, sama da awa bakwai wlh, farkonsa ma shanu ne kawai ke yawo cikin taɓo kusan minti takwas kyamara bata yanke ba, ni dai sai da na kwana uku ina kallonsa kaɗan kaɗan. Labarin daga littafin László Krasznahorkai ya ɗauko. Yana gama The Turin Horse a 2011 yace ya daina yin fim, ya koma Sarajevo ya koyar da ɗalibai na wasu shekaru. Fara da The Turin Horse ɗin, yafi gajarta.