Babana, ga amsar tambayarka kan lefe

Assalamu alaikum Babana. Na ga saƙonka tun daren jiya, ban amsa ba ne saboda irin wannan maganar ba a yi mata amsar tsaye, sai da na dawo daga sallar asuba na samu natsuwa tukuna. Ka ce dangin yarinyar sun aiko da takarda, akwati shida, atamfa Holan kaza, Super kaza, leshi kaza, ga shadda, da ka ɗan yi ƙorafi sai aka ce maka ai al'ada ce haka aka gada, shi ne kake tambayata wai da gaske haka kakanninmu suka yi a Zazzau ko kuwa ɗora maka kawai ake yi.

Toh lefe dai al'adarmu ce, wannan kar ka yi musu da kowa a kai. Amma abin da ke cikin akwatunan nan yawancinsa ba gadon kakanninka ba ne, gadon kanti ne da haraji, kuma in ka yi haƙuri ka karanta zan nuna maka ta inda ya shigo.

Ka fara da sunan kansa. Lefe wani ɗan kwando ne da ake saƙawa da kaba, a ciki mace take zuba audugarta in za ta yi kaɗi. Ni na gan shi da idona a ɗakin kakarmu Iya, Allah ya jiƙanta, a cikin birni, kullum yana gefen tabarmarta da mazari da alli. A irin wannan kwandon ake jera kayan amarya a kai gidansu shi ya sa sunan ya bi kayan. Daga baya aka koma kwalla, daga kwalla aka koma fantimoti, sai akwatin ƙarfe, sai wannan saitin mai taya da kuke ja yanzu, kwandon ya tafi ya bar sunansa. Iya ta sha faɗa mana abin da aka sa mata a nata lefen, zanen saƙi, barage mai jan alharini, gwado, fatala, murjani da jigida, shi ke nan. In ka cire alharinin da murjanin da fatake ke kawowa daga arewa ta hamada, sauran duk a ƙasar nan aka yi su. Audugar a gonakinmu aka noma, mata suka gurje ta suka shiɓe suka kaɗa, masaƙa suka saƙa, aka kai marina aka tsoma a baba, mabuga suka buge har yana ƙyalli, maɗinka suka ɗinke. Ka ƙirga gida nawa suka ci abinci a zane ɗaya. Kuma abin da nake so ka riƙe shi ne macen da ke cikin kulle ba zaune take hannu rabbana ba, zarenta kuɗinta ne, yarinya ta kai mata kasuwa ta sayar, da shi take yin biki da adashi, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki, ba ta jiran miji a kan wannan.

Ba zan ce maka zamanin nan aljanna ba ne, ba na son ka ɗauki tarihi rabi. Akwai bauta, dukiyar manyan Zazzau da yawa a kan rinji take da gumin bayin da aka kamo daga kudancin ƙasar nan, wannan zalunci ne kuma mu faɗe shi da bakinmu. Akwai kuɗin ƙasa, akwai jangali, a nan Zazzau har kuɗin galma ake biya, marina na biyan kuɗin karofi. Kuma yadin waje yana shigowa tun kafin Nasara ta hannun Larabawan Tarabulus. Amma ƙari ne a kan namu, namu ne ginshiƙin.

Turawa sun shigo Zariya a 1902, suka cire Sarki Kwasau, a 1903 aka naɗa Aliyu ɗan Sidi, a shekarar ce kuma Kano da Sakkwato suka faɗi. Abin da ba a cika gaya muku a makaranta ba shi ne a 1902 ɗin nan dai masu masaƙu a Manchesta ta Ingila suka kafa ƙungiyar noman auduga, BCGA, wadda mutanenmu ke kira Bisije, don sun gaji da dogara da audugar Amurka suna neman inda za su samu tasu, kuma ƙasar Hausa suka sa wa ido. Kaga tun farko da lissafi aka zo, a ɗauki audugarmu ɗanya a kai can, a saƙa, a dawo mana da yadi mu saya. Don haka aka ja layin dogo daga Baro, ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, aka kafa injin gurzar auduga a nan, Sabon Gari ta tashi a gefen tashar jirgi da kantunan su Janhol da GBO da PZ. Daga baya aka ja wani layin daga Zariya ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda, ka duba taswira, ƙasar auduga da gyaɗa ya bi ba wani wuri ba. Wani siririn layin kuma ya tashi daga nan zuwa Jos saboda kuza. Su wa suka haƙa hanyoyin jirgin nan? Talakawa ne da hakimai da dagatai ke tarawa a tura, aikin diga, mutum ya bar gonarsa ko yana so ko ba ya so.

Amma Babana layin dogo shi kaɗai ba zai sa manomi ya sayar wa Bature audugarsa ba, kuma da farko ma bai sa ɗin ba. Masu saye don masaƙan Kano da na nan gida sun fi Bisije ba da farashi, manomi kuma ba wawa ba ne, inda ya fi tsoka nan yake kaiwa. A Kano ma jirgi na zuwa sai manoma suka juya ga gyaɗa tun 1912, auduga ta bar Bature da hamma, daga nan ne aka samu dalar gyaɗar da kake gani a hoto. Abin da ya karya mu haraji ne, da irin kuɗin da aka ce sai da shi za a biya.

Da wuri muke ciniki, shi ya sa har yau ake cewa wuri na gugar wuri. Turawa suka hana shigo da wuri a 1904, sannu a hankali suka ce haraji sai da kuɗinsu, anini, ɗari, kwabo, taro, sisi, sule, fam. Toh ina talakan Giwa ko Soba ko Maƙarfi zai samu sule? Dawarsa da geronsa na ci ne. Sulen nan yana hannun kanti da hannun gwamnati, ko ka kai musu abin da suke so ko ka je ka yi musu aiki. Kuma lokacin karɓar haraji da kaka yake zuwa, daidai sanda auduga ta fashe kowa ya kawo farashi ya faɗi, dagaci na ƙofar gida da dogari, ba ka da halin ka ce bari in ajiye sai bazara. A haka aka raba mazari da auduga. Aka kawo irin Amurka mai suna Allen aka gwada a gonar Maigana, aka riƙa raba angurya ta hannun masu unguwanni, gidan gonan Samaru da aka buɗe a 1922 babban aikinsa a lokacin auduga ne, sai da aka daɗe sannan abinci ya samu irin wannan kulawar. Rabin harajin gwamnati ta ɗauka, saura ya shiga baitulmalin En'e a biya sarki da hakimai albashi, wato kuɗinmu ne ya riƙe mulkin da aka ɗora mana.

Ni na riski ƙarshen abin ina yaro kafin a ba da mulkin kai a 1960. Na sha bin mahaifinmu Malam, wanda ka ci sunansa, zuwa fuloti, wato wajen sayar da auduga, da jakuna. A kwana a layi cikin sanyin hunturu, gari ya waye malamin auduga ya zo ya cusa hannu a buhu ya ce lamba ɗaya ko lamba biyu ko lamba uku, maganarsa ita ce hukunci, akawu ya ɗora a sikeli ya faɗi abin da ya ga dama don yawancin masu kayan ba su iya karanta sikelin ba. Akwai shekarar da aka mayar wa Malam farar audugarsa tas lamba biyu, bai ce uffan ba, ya karɓi kuɗin, kafin mu iso gida an cire na haraji an cire na bashin ɗan kamasho, abin da ya rage ya shiga kanti a Sabon Gari ya yanko wa mahaifiyarmu atamfa turmi ɗaya da akoko na rigunanmu. Wallahi har yau in na tuna fuskarsa a hanyar nan sai zuciyata ta yi nauyi. Auduga jaki guda ta fita daga gidanmu ta dawo a ɗan ƙunshi a hammata. Farashin ma ba kasuwa ke yankawa ba, hukumar sayen amfanin gona ce tun daga 1949, ta saya da arha ta sayar a waje da tsada ta riƙe bambancin.

Manya sun ba mu labarin abin da ya fi wannan. Yunwar 1914 da ake kira Kakalaba, ruwa ya ƙi, mutane sun mutu da yawa musamman can arewa da mu, haraji kuma bai tsaya ba. Bayan 1929 kasuwar duniya ta faɗi, auduga da gyaɗa suka zama ba su da daraja amma kuɗin da ke kan kowane baligi yana nan, mutane suka sayar da awaki da hatsin rumbu, samari suka bazama cin rani. A yaƙin Hitila kuma daga 1942 aka riƙa ɗiban mutane na tilas daga lardunan Arewa har da namu zuwa haƙar kuza a Jos, wasu sanyi da ciwo suka kashe su can ba su dawo ba.

Ita atamfar da ake ce maka al'ada, zanen mutanen Jawa ne na Indonesiya da Turawan Holan suka kwaikwaya da inji, kamfanin Vlisco na can garin Helmond har gobe yana bugawa, 'yan Ingila ma suka yi tasu a wajen Manchesta, shi ya sa kake jin Holan da Ingila a bakin mata kamar sunan zane. Shaddar Gezna daga Ostiriya take zuwa. Tun ana sa turmi ɗaya a saman saƙi don ado har ya zama saƙin ne ake jin kunyar sawa, wai na ƙauye. Kwalla da fanteka da langa suka kori ƙwarya da akushi daga jeren ɗaki. Kai har likkafani, da farin saƙa ne na gida, yanzu alawayyo muke cewa. Ko jaka da kake ji tsofaffi na faɗa a wajen sadaki, fam 100 ce, da naira ta zo a 1973 ta zama naira 200.

Kuma kar mu ɗora wa Bature duka, saƙar hannu ba ta mutu a hannunsa ba, ni na tashi ana jin ƙarar mabuga a birni. Bayan ya kama hanyar tafiya Sardauna ya tsaya aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo, Kakuri ta cika da ma'aikata dubbai, audugar Funtuwa da Zariya ta samu inda za ta a gida, lefe ya cika da atamfa 'yar Kaduna ba mai jin kunya. Mu da kanmu muka bari rashin wuta da fasa ƙwauri suka rufe su ɗaya bayan ɗaya, yau abin da ke cika Kantin Kwari yawanci daga Chana yake. Wannan ya fi min ciwo don ba wanda ya riƙe mana bindiga.

Toh yanzu me za ka yi. Kar ka je gidan surukai da wannan tarihin kana musu lacca, rashin kunya ne kuma uwar yarinya ba ta da laifi, abin da ta tarar ke nan, tana tsoron bakin dangi ne ranar da za a buɗe kaya. Sadaki shi ne wajibi, malamanmu sun ce mafi ƙarancinsa rubu'in dinari, lefe kyautatawa ce daidai ƙarfin mutum. Ka bar maganar a hannun manya, ni da Goggonka za mu je mu zauna da waliyyinta a rage, akwati uku masu kyau sun isa a fita kunya. Abin da na hana ka shi ne bashi, kar ka ci bashin banki ko na waya ko ka taɓa jarinka saboda yadi, kayan aro ba ya rufe katara, kuma bashin lokacin kaka shi ne igiyar da aka ɗaure kakanka da ita ba zan so in ga ka sa wuyanka da hannunka ba. Abin da aka rage ka ba yarinyar ta yi jari, ko keken ɗinki ko abin da ta iya, mazarin Iya ke nan a wannan zamanin.

Sannan ina roƙonka abu ɗaya, ka sa zanen saƙi ko da guda ɗaya ne a cikin kayan, a sama ba a ƙasa ba. Rigar da za ka sa ranar ɗaurin aure kuma a yi mata ɗinkin hannu a nan cikin birni, aska takwas ko aska biyu, har yanzu akwai gidajen da maza da mata ke wannan aikin kuma da shi suke ci. Ka ba da aikin da wuri don yana ɗaukar watanni.

In ka shigo ranar Juma'a ka biyo ta gida bayan an sauko daga masallaci. Adudun Iya yana wajen Goggonka, baragen aurenta na ciki da mazarinta guda biyu, zan sa ta buɗe maka ka taɓa da hannunka. Ka gaishe min da mahaifiyarka, ka ce mata maganar zuwa gidan surukan sai ta sa mana rana.