Amsa Ga Tambayarka Kan Gadon Basira

Ɗana, na karanta saƙonka inda kake tambaya ko ɗabi'ar nan ta mutane ta auna basirar yaro da ta iyayensa tana da tushe a ilimi, tunda ka ji an ce an gano ƙwayar gado mai sarrafa fahimta. Na ji daɗin tambayar, domin na sha ganin yaron da aka yanke wa hukunci tun bai iya riƙe alƙalami ba.

Don ka gane ƙwayar gadon da ake magana a kanta, sai ka fara sanin cewa jijiyoyin ƙwaƙwalwa ba su manne da juna ba, akwai ɗan rata a tsakaninsu, kuma idan ɗaya za ta isar da saƙo sai ta saki wani sinadari, kamar dofamin ko serotonin, ya tsallaka zuwa ta gaba. Da zarar saƙon ya isa, wani furotin da ke jikin jijiyar da ta aiko shi yakan tsotse sinadarin ya mayar da shi ciki, don kada saƙon ya yi ta nanatuwa. Ƙwayar gadon da ke ƙera furotin mai kwasar dofamin tana kan kiromosom na 5 (kiromosom su ne zaren da ƙwayoyin gado ke jere a kansu), kuma akwai wani yanki a cikinta da ke maimaituwa, a wurin yawancin mutane sau 9 ko sau 10. A 1995 wasu masu bincike a Amurka suka danganta mai sau 10 da matsalar rashin natsuwa ga yara, kuma zancen ya karɓu saboda maganin Ritalin da ake ba irin waɗannan yara wannan furotin ɗin yake toshewa.

Sai dai da aka faɗaɗa binciken, aka tarar tasirin wannan ƙwaya ita kaɗai bai taka kara ya karya ba. A 2018 an duba ƙwayoyin gadon mutum fiye da miliyan ɗaya, aka samu wurare sama da 1,200 masu alaƙa da nisan karatun mutum, kowannensu da ɗan rabo ƙanƙani ƙwarai. Gado yana da hannu, wannan ban musa ba, amma a warwatse yake, shi ya sa za ka ga 'yan uwa biyu ciki ɗaya, ɗaya ya kama lissafi nan take, ɗaya sai an maimaita masa sau uku kafin ya riƙe, alhali shi ne zai fi daɗewa bai manta ba.

Saboda haka idan wani ya ce zai gwada yawun ɗanka ya faɗa maka iyakar ƙwaƙwalwarsa daga wannan ƙwaya guda, ka riƙe kuɗinka, ka ci gaba da zama da yaron kana duba littafinsa.