Tambaya da Amsa: Gansakuka ta mamaye mini tankin murjani

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Wata bakwai ke nan da na kafa tankin gilashi na ruwan gishiri mai cin lita 200, na sa duwatsu da murjani da kifi shida. Yanzu wata koriyar gansakuka mai tsawo kamar gashi ta lulluɓe duwatsun, har ta fara hawa kan murjanin. Na auna naitiret da fosfet, duka biyun sun nuna sifili. Ina ciyar da kifin sau uku a rana, fitila tana kunne awa 12, idan ruwan ya ragu kuma ina cikawa da na famfo. Shin akwai maganin da zan zuba ta mutu gaba ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Zan fara da maganin da ka tambaya, domin nan ne haɗarin yake. Murjani dabba ce, kuma a cikin naman mafi yawan waɗanda ake kiwo a tanki akwai wasu ƙananan halittu 'yan gidan gansakuka, waɗanda suke sarrafa haske su samar masa da mafi yawan abincinsa. Saboda haka dafin da aka yi don kashe gansakuka yana iya taɓa abin da murjaninka yake rayuwa da shi. Duk maganin da ke ɗauke da sinadarin jan ƙarfe kuwa kada ya kusanci tankin, domin yana kashe murjani da dodon koɗi da ƙaguwa, kuma duwatsu suna shanye shi su riƙa sakinsa daga baya.

Sifilin da ka gani kada ya ruɗe ka. Gansakuka ba ta girma sai da naitiret da fosfet da haske, kuma idan ta yi yawa tana zuƙe waɗannan sinadarai da zarar sun shiga ruwa, sai ma'auni ya tarar babu komai. Abincin yana nan, ya koma cikin jikinta ne. Bugu da ƙari, duwatsun tankin murjani suna riƙe fosfet a jikinsu su riƙa sakinsa a hankali, shi ya sa gansakukar take fi kama dutse, kuma shi ya sa gyaran yakan ɗauki makonni da dama ko da mutum ya yi komai daidai.

A bayaninka na ga ƙofofi biyu da abincin yake shigowa, kuma babbar ita ce ruwan famfo. Idan ruwa ya ƙafe, gishiri da sauran sinadarai suna zama a tanki, don haka duk lokacin da ka cika da ruwan famfo kana ƙara abin da ba zai fita da kansa ba. Ruwan famfo yakan ɗauko fosfet da naitiret da siliket, ko da yana da kyau a sha. Abin da ya dace shi ne ruwan da aka tace da matatar RO/DI, wato na'urar da ke cire narkakkun sinadarai daga ruwa, wanda ma'aunin narkakkun sinadarai yake nuna sifili a kansa, da shi za ka cika tanki, da shi kuma za ka dama gishiri. Ƙofa ta biyu ita ce ciyarwa. Ka ba kifin abin da za su cinye cikin minti ɗaya zuwa biyu, idan kuma daskararren abinci ne ka narkar da shi ka tsiyaye ruwan kafin ka zuba.

Sai fitar da abin da ya riga ya taru, kuma a nan babu abin da ya kai hannu. Ka riƙa tsige gansakukar da yatsu kana zuƙe ta da tiyo zuwa bokiti a ranar canjin ruwa, domin duk abin da ka fitar ya tafi da sinadaran da ke jikinsa, wanda ka bari ya ruɓe a ciki kuwa ya mayar da su ruwa. Dutsen da babu murjani a kansa ka ciro shi ka goge da buroshi cikin tsohon ruwan tankin. Ka canja kashi 10 cikin ɗari na ruwan kowane mako, wato lita 20 a tankinka, ka tabbatar gishirin sabon ruwan ya yi daidai da na tsohon, wajen 1.025 a ma'aunin gishirin ruwa. Na'urar da ke tara datti cikin kumfa, wadda ake kira sikima, tana bukatar wanke kofinta a kai a kai, haka ma soson tace ruwa, wanda idan aka manta da shi yakan zama matattarar ruɓaɓɓen abinci. Fitila kuma ka mayar da ita awa takwas, sannan ka kare tankin daga hasken taga.

Dabbobi masu kiwon gansakuka suna taimakawa, musamman dodon koɗi irin Trochus da Turbo, sai dai ba sa iya cin mai tsawo sai ka rage ta tukuna. Kada ka zuba su da yawa, domin idan abinci ya ƙare za su mutu su ƙara wa ruwan datti. Kifin tang yana cin gansakuka sosai, amma lita 200 ta yi masa kaɗan, kuma ba na goyon bayan a matse dabba don a gyara matsalar ruwa. Idan kana da ƙaramin tanki a ƙasan babban, wanda ruwan yake bi ta cikinsa, ka shuka Chaetomorpha, wata irin gansakuka da ake kiwo da gangan, a ciki da fitilarta, ta riƙa cin sinadaran kana rage ta lokaci zuwa lokaci.

Akwai gargaɗi ɗaya da nake so ka riƙe. Idan gansakukar ta ragu, kada ka bi sinadaran har su koma sifili na gaskiya, domin murjani ma yana bukatarsu, kuma a irin wannan ruwa ne wata halitta mai yauƙi, mai launin ruwan ƙasa, mai kumfa a jikinta, da ake kira dainofilajelet take yawan ɓullowa. Wasu nau'o'inta suna da dafin da ke kashe dodon koɗi, kuma ta fi wadda kake fama da ita wuyar kora. Masu kiwon murjani da yawa suna riƙe naitiret tsakanin 2 da 10, fosfet kuma tsakanin 0.03 da 0.1 a ma'aunin ppm, wato kashi cikin miliyan. Ka riƙa aunawa sau ɗaya a mako kana rubutawa, kuma alamar farko da za ka gani ita ce gansakukar ta fara koɗewa tana tsinkewa cikin sauƙi idan ka ja ta.